Ɗanyen hoton sabuwar kyamara da tsohuwar manhaja: bayani ga masu fita bincike ƙasar Dandi

1. Gabatarwa

Wannan maƙala ba ta shafi nahawu ko tsarin sauti ba, kamar yadda aka saba gani a waɗannan takardu. Ta shafi kayan aiki ne, musamman wata matsala da ke samun ɗalibai da malamai bayan sun dawo daga bincike da hotuna.

A yau da wuya mai nazarin harshe ya fita da littafin rubutu da rikoda kaɗai, kusan kowa yana tafe da kyamara. Wanda ya nufi Gaya, a jihar Dosso, inda iyakar Nijar ta haɗu da ta Benin da ta Najeriya (mai karatu na Najeriya kada ya ɗauka Gayan Kano ce), abin ɗauka ba ya yanke masa. Akwai allunan shaguna da suka cuɗa Faransanci da Hausa da Ingilishi, akwai rubuce-rubucen jikin manyan motocin da ke jiran hanya, akwai kuma takardun Larabci da na ajami a hannun malamai da gidajen tsofaffin fatake. A nan Dandanci da Hausa da Zabarmanci da Fillanci ke gogayya a kasuwa ɗaya, ga kuma harshen Cangawa, wanda yawancin masu shi suka riga suka koma Hausa ko Dandanci. Malanbil tana tsallaken kogin Isa, Kamba tana gabas ba nisa.

Matsalar ita ce: mutum ya yi mako biyu ko uku yana ɗauka, ya kamo hanyar Yamai, tafiyar kusan kilomita 300, ya sa kati a kwamfuta, sai Photoshop ko Lightroom ta ce ba ta san wannan fayil ba. Abin da ya fara zuwa a ran mutum shi ne kati ya lalace, ko ƙwayar cuta ta shiga. Wanda bai sani ba yana iya share katin ya sake aiki da shi, alhali hotunan lafiyarsu lau. Manhajar ce ta girmi kyamarar. Za mu bayyana dalilin haka, sa'an nan mu nuna hanyoyin da ake bi, da abin da kowace hanya take ci wa mai bincike.

Game da kalmomi: mun ɗauki kwamfuta, ko da yake ordinatar aka fi ji a Yamai. Mun ɗauki manhaja a ma'anar logiciel, kamar yadda gidajen rediyo suka yaɗa ta, duk da cewa asalin ma'anarta tsarin karatun makaranta ne. Abin da ake rubutawa RAW a jikin kyamara, wanda Faransanci ke cewa brut, mun kira shi ɗanyen hoto. Haruffan nan uku da ke biye da sunan fayil bayan ɗigo kuwa, mun ara musu kalmar nahawu, ɗafa-ƙeya.

2. Mene ne ɗanyen hoto?

A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti mai awon haske, wanda aka rarraba shi gurbi-gurbi kamar filin dara. Kyamarar da aka ce tana da megapiksal 24, gurabenta 6000 ne a kwance, 4000 a tsaye, wato miliyan 24. Kowane gurbi abu ɗaya ya iya: ya auna yawan hasken da ya faɗo masa, ya ba da lamba. Bai san launi ba. Domin a sami launi sai aka rufe kowane gurbi da ƴar matata mai launi ɗaya, ja ko tsanwa ko shuɗi. A yawancin kyamarori tsarin matatun shi ne wanda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro, aka yi masa rajista a 1976: cikin kowane gurabe huɗu, biyu tsanwa, ɗaya ja, ɗaya shuɗi.

Ke nan abin da farantin yake bayarwa tarin lambobi ne, kuma kowane ɗigo launi ɗaya kawai aka auna masa cikin uku. Kafin ya zama hoton da ido zai gani, sai an ƙiyasta sauran launuka biyun ta hanyar duba maƙwabtan ɗigon, a tsai da abin da za a kira fari a ƙarƙashin hasken da aka yi ɗaukar, a daidaita duhu da haske, a rage dusar-dusar. Idan aka sa kyamara a kan JPEG, ita ke yin duk wannan aiki nan take, ta matse sakamakon, ta zubar da sauran. Idan aka sa ta a kan ɗanye, sai ta ajiye lambobin yadda suke, ta bar wa kwamfuta dahuwar.

Bambancin yana da yawa. JPEG yana da matakai 256 tsakanin baƙi da fari a kowane launi, domin bit 8 yake amfani da su. Ɗanyen hoto kuwa bit 12 ne ko 14, wato matakai 4096 ko 16384. Ga hoton biki wannan bai dami kowa ba. Ga takardar ajami kuwa shi ne komai. Mu tuna cewa a ajamin Hausa wasalin /e/ da ɗigo ɗaya ake nuna shi a ƙarƙashin harafi, wanda malamai ke kira imala. A rubuce-rubuce da yawa, musamman na Alƙur'ani, da jar tawada ake yin wasulla, kuma jar tawada kan kode, takardar kuma ta yi ja-ja da tsufa har launukan biyu su kusanci juna. Matsewar JPEG ta fi cin bayanin launi a kan na haske, saboda idon mutum ya fi lura da haske. Sakamakon haka ɗan jan ɗigon nan shi ne farkon abin da ke dusashewa. Sai mai nazari ya zauna gaban hoto yana tambayar kansa ko abin da yake gani imala ce, ko kashin ƙuda, ko ɓular gara. Amsar kuwa ita ke raba karatu ɗaya da wani, wani lokaci karin harshe ɗaya da wani. Haka ma tambarin da ke cikin jikin takarda, irin jinjirin wata uku na takardun Italiya da suka cika Afirka ta Yamma a ƙarni na 19: idan an haska takardar ta baya an ɗauka, a ɗanyen hoto ake iya fito da shi sosai, shi kuwa yana taimakawa wajen ƙiyasta shekarun rubutun.

Saboda haka ba mu goyon bayan shawarar da ake yawan ba ɗalibai, cewa su bar kyamara a kan JPEG su huta. Ga allon shago ta wadatar. Ga takardar da ba lalle a sake buɗe wa mutum ita ba, asara ce.

3. Dalilin da tsohuwar manhaja take ƙi

JPEG ƙa'ida ce ɗaya ta duniya, tun 1992. Ɗanyen hoto ba shi da ƙa'ida ɗaya. Kowane kamfani da nasa tsari: na Nikon NEF, na Sony ARW, na Fujifilm RAF, na Panasonic RW2, na Canon kuwa CR2 daga 2004, sa'an nan CR3 daga 2018. Yawancinsu ba sa buga cikakken bayanin tsarin nasu, sai masu rubuta manhaja su zauna su warware shi da kansu.

Amma abin da ya fi ruɗa mutane shi ne ɗafa-ƙeyar ba ta nuna gaskiyar abin da ke ciki. Nikon tana sa NEF tun kyamarar D1 ta 1999, kuma har kan sababbin kyamarorinta NEF ɗin ne. Mutum ya ce: ai manhajata tana buɗe NEF, bara ma na buɗe. Gaskiya ne, ta buɗe na waccan kyamara. Suna ɗaya ne ya rufe abubuwa daban-daban, kamar yadda sunan Hausa ya haɗa ta Kano da ta Dogonduci da ta Gaya. Sai dai mutum yana jin karin da bai saba da shi ba, ya cike giɓi da hankalinsa, manhaja kuwa ba a gina ta a kan haka ba.

Kafin manhaja ta dafa ɗanyen hoto, akwai abubuwan da dole ta sani game da wannan samfurin kyamara: yadda aka jera matatun launi, lambar da ke matsayin baƙi ƙirin da wadda ke matsayin fari fat, guraben gefe da aka rufe ba sa cikin hoto, hanyar da aka matse lambobin, da kuma yadda jan wannan faranti yake idan aka kwatanta shi da ja na ainihi, domin matatun kamfanoni ba ɗaya suke ba. Wannan na ƙarshe sai an gwada kyamarar a ɗakin awo ake samunsa. Duk waɗannan bayanai a cikin manhajar suke, cikin wani jeri na kyamarorin da ta sani. Idan aka ba ta fayil, sai ta karanta sunan kyamarar da ke rubuce a cikinsa, ta duba jerinta. In babu sunan, ta tsaya, kamar mai gadin da aka ba takardar sunaye.

A Photoshop, sashen da ke wannan aiki shi ne Camera Raw, wanda Thomas Knoll ya rubuta, ya fara fitowa a 2003. Kamfanin Adobe yakan sabunta shi duk lokacin da sababbin kyamarori suka fito, amma bayan sabon bugun Photoshop ya shiga kasuwa akan daina sabunta na tsohon. Ga inda kowane ya tsaya:

(1) Photoshop CS3, na 2007: Camera Raw 4.6
(2) Photoshop CS4, na 2008: Camera Raw 5.7
(3) Photoshop CS5, na 2010: Camera Raw 6.7
(4) Photoshop CS6, na 2012: Camera Raw 9.1.1, wanda ya fito a 2015

Lightroom da ake saye sau ɗaya kuwa ya tsaya a bugu na 6.14, cikin watan Disamba na 2017. Duk kyamarar da ta fito bayan waɗannan shekaru, babu sunanta a jerin, kuma ba za a ƙara ba.

Mai karatu zai ce to a sayi sabon bugu mana. A 2013 Adobe ta daina fitar da sabon Photoshop na saye, ta koma haya: ana biya wata-wata ko shekara-shekara da katin banki, manhajar kuma tana neman intanet lokaci-lokaci don ta tabbatar an biya. Ga ɗalibi, da ma sashe mai ƙaramin kasafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa daga kwamfutocin da ke hannun mutane na hannu ne, okaziyo, irin waɗanda ke shigowa ta Kwatano, suna zuwa da tsohuwar manhaja a ciki. Kyamara kuwa sau da yawa ta wani proje ce aka aro, sabuwa fil. Daga nan saɓanin yake tasowa.

Ya kamata a raba matsalar gida biyu. Wani lokaci tsarin fayil bai sauya ba, awon sabuwar kyamarar kawai manhajar ta rasa. Wani lokaci kuwa ginin fayil ɗin ne gaba ɗaya ya sauya. CR2 a kan tsarin TIFF aka gina shi, CR3 kuwa, wanda ya fara da kyamarar EOS M50, a kan tsarin da fayilolin bidiyo na MP4 ke amfani da shi. Fujifilm ta fito da faranti mai suna X-Trans a 2012, wanda jerin matatunsa shida sau shida ne maimakon biyu sau biyu na Bayer. A 2005 ma an yi ta cece-kuce lokacin da aka gane Nikon ta kulle bayanin awon fari a fayilolin kyamarar D2X. Wannan rabe-rabe zai yi mana amfani idan muka zo kan dabarun da ake yaɗawa.

4. Hanyar DNG

A watan Satumba na 2004 Adobe ta fito da wani tsari na ɗanyen hoto mai suna DNG, ta buga cikakken bayaninsa ga kowa. Hikimarsa ɗaya ce: duk bayanan da muka lissafa a sama, waɗanda manhaja ke nema a jerinta, a cikin fayil ɗin kansa ake rubuta su. Fayil ɗin DNG yana tafe da ƙamus ɗinsa. Saboda haka manhajar 2010 tana iya dafa hoton kyamarar 2022 ba tare da ta taɓa jin sunanta ba. Wasu kamfanoni, kamar Leica da Pentax, kyamarorinsu na rubuta DNG kai tsaye. Manyan kuwa, Canon da Nikon da Sony, sun tsaya kan nasu.

Ga waɗannan akwai wata manhaja ta kyauta, Adobe DNG Converter, wadda aikinta kawai ta karɓi NEF ko CR3 ko ARW ta fitar da DNG. Ba ta neman haya, kuma da zarar an girka ta ba ta bukatar intanet. Hoton yana nan ɗanye bayan juyin, ba a dafa shi ba.

Akwai wurare uku da mutane ke tuntuɓe. Na farko ƙarami ne: manhajar jaka take karɓa, ba fayil ɗaya-ɗaya ba, sai mutum ya buɗe jakar ya ga kamar ba komai ciki, ya ɗauka ta ƙi. Jakar za a zaɓa, shi ke nan. Na biyu shi ne wurin da aka rubuta Compatibilité a cikin zaɓuɓɓuka. DNG ma yana da bugu-bugu, kuma idan aka bar manhajar ta fitar da na yayi, tsohon Photoshop na iya ƙinsa. Mai CS6 ya zaɓi Camera Raw 7.1, mai CS5 ya zaɓi 6.6, mai CS4 ya zaɓi 5.4, mai CS3 kuma 4.6. A nan ne kuma akwai wani akwati na matsewa mai asara. Kada a taɓa shi, domin yana mai da mu kusa da JPEG ɗin da muka guje wa.

Na uku shi ne babba. Ita ma DNG Converter da jeri take aiki, don haka dole bugun da aka girka ya zama ƙanen kyamarar, wato ya fito bayanta. Bugun shekarun nan kuwa ba sa hawa kan Windows 7, wanda Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020, kuma har yanzu ana samunsa a tsofaffin kwamfutoci. Ke nan kwamfutar da ta fi bukatar manhajar ita ce ba ta iya ɗaukarta. Maganin shi ne a raba aiki: kwamfuta ɗaya mai sabon Windows ta isa, ko ta aro ce, a yi juyin a kanta, a kwashe fayilolin DNG a kai wa tsofaffin. Manhajar tana da nauyi sosai, gara a sauko da ita a Yamai a sa a kile, da a tsaya neman layi mai ƙarfi a ƙauyen Dandi.

Mu da sana'armu ta haɗa da fassara mun san ba a juya magana ba tare da wani abu ya zube ba. A nan abin da ke zubewa ba lambobin haske ba ne, su suna isa lafiya. Wasu bayanai ne na kamfani, irin salon launin da aka zaɓa a kyamara, waɗanda kan ɓace ko su zama ba mai karanta su, shi ya sa launin da tsohon Photoshop zai nuna kan ɗan bambanta da wanda aka gani a bayan kyamara. Bugu da ƙari, manhajar Canon ko ta Nikon ba ta karɓar DNG ɗin da aka juyo, kuma ba a komawa daga DNG zuwa NEF ko CR3, sai in an zaɓi a cusa asalin fayil ɗin cikin sabon, abin da ke kusan ninka nauyinsa. Ra'ayinmu shi ne a bar wannan zaɓi, a ajiye na asalin a jaka ta daban. Ba mu taɓa jin mai fassara ya ƙone littafin da ya fassara ba.

5. Sauran hanyoyi

Kowane babban kamfani yana da manhajarsa ta kyauta: Canon tana da Digital Photo Professional (takan nemi lambar jikin kyamara kafin a sauko da ita), Nikon tana da NX Studio tun 2021, Sony tana da Imaging Edge. Su ne suka fi sanin kyamarorinsu. Ana dafa hoton a cikinsu, a fitar da shi a tsarin TIFF mai bit 16, wanda kowane tsohon Photoshop ke buɗewa. TIFF ba ɗanye ba ne, an riga an tsai da fari an cike launuka, amma ba a matse shi da asara ba. Illarsa nauyi. Hoton megapiksal 24 yana cin megabayit 144, wato ɗigo miliyan 24 sau launi uku sau bayit biyu. Kundi mai shafi 500 zai ci gigabayit 72, alhali ɗanyensa, idan muka ɗauka kowane fayil megabayit 30 ne, 15 kawai zai ci.

Duk da haka TIFF shi ne tsarin ajiya na dogon lokaci. Bugunsa na shida tun 1992 yake, kuma har yau ana karanta shi. Shirin ceton tsofaffin takardu na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, TIFF yake nema daga masu aikinsa. Duk wanda ke fatan hotunansa su zauna wata rana kusa da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH a Yamai, wanda ya samo asali daga takardun da Bubu Hama ya tara, ya kamata ya yi tunanin wanda zai buɗe su bayan shekara 30. Ba mu da tabbacin za a sami mai karanta CR3 a lokacin. CRW na Canon ɗin dai ya ba CR2 wuri, CR2 kuma ya ba CR3.

Akwai kuma manhajoji na gama-gari da masu sa kai ke rubutawa, kamar darktable da RawTherapee. Asalin yawancin wannan aiki wata ƴar manhaja ce, dcraw, wadda Dave Coffin ya fara a 1997, ya yi ta ƙara mata kyamarori har 2018, kuma LibRaw ta gaje ta. Kyauta ne, akwai su da Faransanci, amma sukan makara: CR3 ya fito a 2018, darktable ba ta karanta shi ba sai bugu na 3.8, a Disambar 2021.

Wani abu da mutane kaɗan suka sani: cikin kowane ɗanyen fayil akwai JPEG da kyamara ta ɓoye, shi ne wanda take nunawa a allonta na baya. Sau da yawa cikakken girma ne. Manhajar ExifTool ta Phil Harvey tana iya zaro shi. Ba ya maye gurbin ɗanyen, amma ya isa a fara karatu. Kuma ga gwaji mai sauƙi ga wanda hankalinsa ya tashi: a mai da katin cikin kyamara. Idan hotuna sun bayyana, katin na karantuwa, sai a nemi matsalar wajen manhaja.

Dabaru biyu ne ake yaɗawa da ba mu yarda da su ba. Ta farko, a sauya ɗafa-ƙeya, a mai da CR3 ya zama CR2. Wannan ba ya yin komai, domin suna aka sauya, ciki yana nan yadda yake. Ta biyu ta fi wayo: a shiga cikin fayil a goge sunan sabuwar kyamara a rubuta na yayarta da ke cikin jeri, don a ruɗi mai gadi. Takan yi aiki idan matsalar irin ta farko ce kuma farantin kyamarorin biyu ɗaya ne, ba ta yi ko kaɗan idan ginin fayil ya sauya. Ko inda ta yi, awon launin wata kyamara aka ɗora wa hoton, kuma mu launin tawada muka je nema. Ban da haka, fayil ɗin bincike shaida ne. Wanda ya sauya bayanin da ke cikinsa ya ba mai suka ƙofar tambayar me kuma aka sauya.

6. Kafin a kama hanya

Duk abin da muka faɗa a sama gyara ne bayan aiki. Mafi arha shi ne gwajin minti goma kafin tafiya: a ɗauki hoto ɗaya na kowace takarda da kyamarar da za a tafi da ita, a kai shi kwamfutar da za a yi aiki da ita, a ga ko ya buɗe. In bai buɗe ba, a warware tun ana Yamai.

Sa'an nan a sa kyamara ta rubuta ɗanye da JPEG tare, kusan duk kyamarar da ke yin ɗanye tana da wannan zaɓi. JPEG ɗin yana da amfani tun a Gaya. Malamin da ya kwance gafakarsa ya ba baƙo damar ɗaukar takardun kakanninsa yana da haƙƙin ya ga abin da aka ɗauka, kuma mai hoto na cikin gari zai wanke JPEG nan take, ɗanye kuwa ba lalle ya iya buɗe shi ba. A shafin farko na kowane kundi a ajiye ɗan kati mai ruwan toka da ƴar rula a gefe, domin a sami abin tsai da fari da girma daga baya. A daidaita agogon kyamara. Kada a share kati sai an kwafe shi wuri biyu kuma an buɗe hotunan an gani.

Muna nanata wannan ne domin komawa Gaya karo na biyu ba abin dogaro ba ne. Yankin yana cikin waɗanda suka fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, laima da gara ba sa jiran mai bincike. Hanya ma ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, kuma ko da Benin ta buɗe ɓangarenta a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata a rufe a wannan shekara. A Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Ɗalibin da rabin takardunsa ke tsallaken kogi ya san abin da wannan ke nufi ga kundinsa.

Saura maganar waya, tun da ɗalibai da yawa da ita suke ɗauka. Ta wani gefen sun fi sauƙi: wayoyin Android masu iya ɗanye DNG suke rubutawa, damar da ta samu tun bugu na 5 a 2014, kuma ProRAW na iPhone, daga 2020, shi ma DNG ne. Amma tun 2017 iPhone ke ajiye hoton yau da kullum a tsarin HEIC, wanda CS6 bai sani ba, sai an shiga saitin kyamarar an zaɓi JPEG. Wanda zai tura wa malaminsa shafi ta WhatsApp kuma, ya tura shi a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba. Idan ya bi hanyar hoto, za a rage girmansa a sake matse shi, a cire kwanan wata da sunan na'urar da ke ciki.